Me Ya Kamata Mu Saƙa wa Jariran da Ke Kwance a Asibiti?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu matan wata makarantar Islamiyya ne a Kano. Wasunmu sun iya saƙa da kwarashi, wasu da kibiya, biyu daga cikinmu kuma suna da keken ɗinki. Mun yi niyyar mu riƙa haɗa kuɗi muna yin kayan sanyi muna kai wa jarirai a asibiti saboda Allah. Me ya fi dacewa mu yi, wane zare za mu saya, kuma ta wace hanya za mu kai?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Allah ya karɓi wannan niyya, ya sa albarka a hannuwanku. Na daɗe ina koyar da saƙa da ɗinki, kuma na yi aiki tare da ma'aikatan jinya na ɗakin jarirai a kan irin wannan sadaka, saboda haka shawarata ta farko ita ce kada ku sayi ko ƙulli ɗaya na zare sai mutum biyu daga cikinku sun je asibitin da kuke nufi sun zauna da shugabar ma'aikatan jinya ta sashen kula da jarirai. Ko Asibitin Murtala ne, ko na Malam Aminu Kano, ko Hasiya Bayero, ko ƙaramin asibitin haihuwa na unguwarku, kowanne yana da tsarinsa da abin da yake karɓa, kuma da ɗan gari akan ci gari. Ku tambaye ta nauyin jariran da suka fi kwanciya a wurinta, da abin da iyaye mata suka fi zuwa babu shi, da yadda ake wanke kaya a sashen, da kuma ko kayan za su zauna a asibiti ne ko uwa za ta tafi da su gida. Amsoshin nan su ne za su yanke muku girman abin da za ku yi da irin zaren da za ku saya. Abin da mai saƙa take jin daɗin saƙawa daban yake da abin da ɗakin jarirai yake bukata, kuma sau da yawa nakan ga an kawo jaka cike da suwaita masu kyan gaske waɗanda babu jariri ɗaya a ɗakin da za su yi wa daidai.

Yana da kyau ku san dalilin da ya sa ɗumi yake da wannan matsayi, domin sanin dalilin zai gyara muku aikin. Zafin jikin jariri lafiyayye yana tsakanin digiri 36.5 zuwa 37.5 a ma'aunin Salshiyas, kuma da zarar ya sauka ƙasa da 36.5 an shiga matsala. Jariri ba ya iya karkarwa don ya ɗumama kansa kamar yadda babba yake yi. Yana dogara ne da wani nau'in kitse da ke taruwa a jikinsa a makonnin ƙarshe na ciki, wanda bakwaini, wato wanda aka haifa kafin cikar mako 37, bai samu ya tara isasshe ba, ga fatarsa siririya, ga shi babu tsoka. Idan sanyi ya kama shi sai jikinsa ya ƙone sukarin jininsa da iskar da yake shaƙa wajen neman ɗumi, daga nan numfashi ya yi wuya, ya kasa kama nono, ƙwayoyin cuta su sami hanya. Kan jariri kuwa babba ne idan aka kwatanta da jikinsa, yana ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin biyar na faɗin fatarsa, shi ya sa hula take gaba da kowace sutura. Mutane da yawa suna ganin ƙasar da zafin bazara yake haura digiri 40 ba ta da wannan damuwa, alhali ɗakin da babba yake jin daɗin zama a cikinsa yana iya zama sanyi ga jariri mai kilo ɗaya da rabi, balle daren hunturu a Disamba da Janairu, ko asubar damina bayan an sha ruwa, ko lokacin da wuta ta ɗauke kwalbar ɗumama jarirai da aka saka shi a ciki ta huce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa an haifi bakwaini kimanin miliyan 13.4 a duniya a shekarar 2020, kuma Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi yawansu.

Saboda haka masu kwarashi da masu kibiya su fara da hula, kuma su yi ta da awo, kada su yi da ido. Kewayen kan jaririn da ya cika wata tara yakan kai santimita 33 zuwa 35, na wanda aka haifa a mako na 32 yana wajen santimita 29 zuwa 30, na mako na 28 kuma wajen santimita 25 zuwa 26, wato bai wuce babban lemon zaƙi ba. Hula tana bukatar ta gaza kan da santimita ɗaya ko biyu domin ta kama ba tare da ta matse ba. Mai kwarashi za ta fara daga tsakiyar kai tana ƙara idon saƙa a kowane zagaye har faifan ya kai faɗin da ake so, sannan ta daina ƙari ta ci gaba da zagayawa har tsawon ya isa ya rufe kunne. Lissafin faɗin faifan ba shi da wuya: a raba kewayen hular gida uku da ɗan ɗoriya, saboda haka hula mai kewayen santimita 28 faifanta zai zama kusan santimita 9, tsawonta daga tsakiya zuwa baki kuma wajen 11. Mai kibiya ta fi sa'a a nan, domin saƙar kibiya, musamman wadda ake yin ido ɗaya gaba, ɗaya baya, tana miƙewa ta dawo, hula guda tana iya yi wa jariri makonni yana girma a cikinta. A ganina idan kuna da zaɓi, ku bar hulunan ƙananan bakwaini ga masu kibiya, masu kwarashi su ɗauki manyan huluna da barguna, saboda saƙar kwarashi ta fi tauri kuma ba ta miƙewa sosai. Kwarashi mai lamba 3 ko 3.5 da siririn zare ya wadatar, kuma ƙullin zare mai giram 50 yakan ba da ƙananan huluna uku ko kusa da haka. Ku yanke kwali a kan awo uku, ƙarami da matsakaici da babba, kowace mace ta ajiye nata a gida tana gwadawa, domin hannun kowa daban yake ja, kuma mata biyu da suka bi lissafi iri ɗaya suna iya fitar da huluna masu bambancin girma.

Abu mafi wuya ga gwanar saƙa shi ne ta hana hannunta yin ado, amma a wannan aiki dole ne. Kada a saka maɓalli, ko duwatsu, ko ribon, ko tuntu a saman hula, ko igiyar ɗaurewa a ƙarƙashin haɓa, saboda duk abin da zai iya cirewa ko ya naɗe wuya haɗari ne. Kada a yi saƙa mai manyan ramuka irin ta shawul ɗin suna, domin yatsun bakwaini suna shiga ramin su maƙale. Bakin zare kuma kada a ƙulla shi a yanke, a saka shi a allura a bi da shi cikin saƙar gaba da baya har ya ɓace, saboda ƙulli yana danna fatar kai, silin zare ɗaya da ya saki kuma yana iya naɗe ɗan yatsan ƙafa a cikin safa ya tsare jini ba wanda ya lura, har yatsan ya kumbura. Don haka duk safar da aka gama a juya cikinta a shafa da yatsa kafin a ce ta kammala. Idan hular tana da layin haɗi, a daidaita shi ya kwanta, ko a bar shi ta waje. Game da suwaita kuwa, jaririn da ke kwance a asibiti sau da yawa yana da robar ƙarin ruwa a hannu, ga wayoyin na'ura a ƙirji, ba yadda za a zura masa riga mai dogon hannu ta kai. Idan za a yi, a yi 'yar riga marar hannu mai buɗewa ta gaba, ita ma sai idan ma'aikatan sun ce suna so.

Zaren da muke saya da sunan ulu a Kasuwar Sabon Gari da sauran kasuwanninmu, mafi yawansa akirilik ne wanda aka sarrafa a masana'anta, babu gashin tumaki a cikinsa, kuma wannan ba aibi ba ne. Akirilik mai laushi yana riƙe ɗumi, yana jure wanki, yana bushewa da wuri, kuma farashinsa bai fi ƙarfin ƙungiya irin taku ba. Ulun gaske na tumaki yakan yi ƙaiƙayi kuma yana tsukewa a ruwan zafi, ba na ba da shawararsa. Zaren auduga ya fi kowanne dacewa da fata da lokacin zafi, yana kuma jure ruwa mai zafi sosai, sai dai ba ya miƙewa kuma yana daɗewa bai bushe ba. Kafin ku sayi katan guda, ku sayi ƙulli ɗaya, ku goga shi a wuyanku ku ji ko yana suka, ku saƙa ɗan yanki ku wanke shi da ruwan zafi tare da farin ƙyalle ku ga ko yana zuba. Duk zaren da yake da gashi-gashi ko ƙyalƙyali ko yake sakin burbuɗi a bar shi ga kayan manya, domin burbuɗin yana shiga hanci da ido. Launi mai haske ya fi, saboda ma'aikaciyar jinya tana son ta ga jini ko amai ko wani ruwa da zarar ya taɓa kayan.

Akwai magana guda da nake roƙon ku faɗa wa kowace mace a ƙungiyar da babbar murya, ita ce maganar kafur. Al'adarmu ce mu jefa ƙwayoyin kafur cikin akwatin kaya saboda kyankyaso da asu, kuma mu turara kayan jariri da turaren wuta don su yi ƙamshi. Fararen ƙwayoyin nan na kasuwa mafi yawansu sinadarin naftalin ne, kuma akwai jarirai da yawa a ƙasar nan, musamman maza, da ake haifa da ƙarancin wani sinadarin jini da likitoci ke kira G6PD. Irin wannan jariri idan ya shaƙi naftalin ko ya taɓa fatarsa, jajayen ƙwayoyin jininsa suna farfashewa, shawara mai tsanani ta kama shi, idonsa da jikinsa su yi ɗorawa, kuma idan ta yi yawa tana taɓa ƙwaƙwalwa ta bar yaro da naƙasa ko ta yi ajalinsa. Babu yadda za ku gane wane jariri ne yake da wannan ta hanyar kallo. Saboda haka zare da kayan da aka gama kada su kusanci akwatin da aka taɓa saka kafur, kada a turara su, kada a fesa musu turare. A wanke su da sabulu marar ƙamshi, a ɗauraye sosai, a shanya a rana a kan igiya har su bushe ƙarau, sannan a saka kowanne a sabuwar leda a rubuta girmansa a jiki. A lokacin hunturu a shanya inda ƙura ba ta kaiwa sosai, a kwashe da wuri. Wadda take mura ko tari ta ajiye saƙar har ta warke.

Su kuma masu keke, kada su ɗauka nasu aikin na taimako ne kawai, domin a ra'ayina abin da za su ɗinka yana iya fin duk abin da za a saƙa amfani. A shekarar 1978, a wani asibitin haihuwa da ke birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, Dokta Edgar Rey ya fuskanci ƙarancin kwalabe da cunkoson bakwaini, sai ya fara ɗora jarirai a ƙirjin iyayensu mata, fata na taɓa fata, a ɗaure su da zane, uwa ta zama ita ce mai ɗumama ɗanta dare da rana tana ba shi nono. Wannan shi ne abin da ake kira renon kangaru. Wani babban bincike da aka wallafa a 2021, wanda aka gudanar a asibitoci a Indiya da Malawi da Tanzaniya da Kumasi ta Ghana da Ile-Ife a nan Nijeriya, ya nuna cewa fara wannan reno nan take bayan haihuwa ga jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa ƙasa da 1.8 ya rage mutuwarsu da kusan kashi 25 cikin 100, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa farawa da shi ba tare da jinkiri ba, ana yi sa'o'i 8 zuwa 24 a kowace rana. Matan Hausawa ba baƙin goyo ba ne, abin da ya bambanta shi ne ana yin wannan a gaba, jariri yana tsaye tsakanin nonuwan uwa, kansa a juye gefe guda, ba komai a jikinsa sai hula da safa da nafkin. Ga inda aikin ƙungiyarku yake haɗuwa: masu saƙa su kawo hula da safa, masu keke su kawo zanen ɗaurewa da rigar uwa.

Zanen yana bukatar ya kasance auduga mai laushi da ƙarfi. Turmin atamfa mai yadi shida yana ba da zane uku, amma sabuwar atamfa tana da tauri kuma wata tana zuba, sai an wanke ta sau biyu ko uku kafin a yanka. A kalmashe bakin a bi shi da ɗinki biyu, kada a bar zare yana lilo. Bakin zanen na sama yana tsayawa ne daidai ƙasan kunnen jariri don ya tallafe kansa ba tare da ya rufe masa fuska ba, ɗaurin kuma ya kama ƙirjinsa ya bar cikinsa sakayau don ya yi numfashi. Wasu asibitocin suna da samfurin da suka saba da shi mai dogayen hannuwa da ake zagayowa da su baya a ɗaure a gaba, idan sun ba ku ɗaya ku kwance shi ku fitar da awonsa ku bi shi daidai. Rigar uwa kuwa doguwa ce mai yalwa mai buɗewa ta gaba, kuma na sha ganin cewa ita ce take sa mace ta yarda ta zauna da ɗanta a ƙirji a ɗakin da likitoci maza da masu dubiya suke shiga, domin mutuncinta a rufe yake. Wannan abu ne da mai tsara shiri daga nesa ba lalle ya tuna da shi ba, amma ku kun san shi. Masu keke suna kuma iya ɗinka huluna daga yadi mai miƙewa irin na singileti, wanda yake fita da sauri fiye da saƙa kuma ya fi dacewa da watannin zafi, da ƙananan zannuwan shimfiɗa, waɗanda ba sa isa a kowane ɗakin jarirai saboda yawan canzawa. Idan kun saba da shugabar sashen, ku tambaye ta a keɓe ko akwai iyayen da suke rasa jariri ba su da kuɗin likkafani, domin 'yan yadudduka na farin alawayyo da aka yanka aka ajiye a wurinta suna ɗauke wa uba wani nauyi a ranar da ba ya iya roƙon kowa.

Masu koyo da 'yan matan da hannunsu bai faɗa ba, a ba su saƙa ƙananan murabba'ai waɗanda za a haɗa su zama bargo. Ƙungiyar Knit-a-square ta Afirka ta Kudu, wadda ta fara a 2008, ta gina aikinta kacokan a kan wannan dabara, murabba'i mai santimita 20 a kowane gefe, guda 35 su ba da bargon yaro. Irin wannan bargo ya fi dacewa da gidan marayu da yaran da suka tasa fiye da bakwaini, saboda nauyinsa da yawan layukan haɗinsa. Za ku kuma ci karo a intanet da wata 'yar tsana mai siffar halittar teku mai hannuwa takwas, wadda aka fara saƙa wa bakwaini a ƙasar Denmak a 2013 don su riƙa kama hannuwanta maimakon su fizge robobin jikinsu. Tana da ban sha'awa, amma masu yin ta suna bin ƙa'idoji masu tsauri na tsawo da ƙarfin saƙa da wanki, kuma ba zan ba ku shawarar ku taɓa ta ba sai idan asibiti ne ya nema da bakinsa. Haka nan ku sani cewa hular nan ta bakwaini ce da sabon haihuwa da lokacin sanyi. Lafiyayyen jaririn da ya koma gida a watan Afrilu ba ya bukatar a naɗe shi da hula da suwaita da shawul yana barci, domin zafi fiye da kima shi ma haɗari ne, kuma kada kyautarku ta ƙarfafa wannan ɗabi'a.

Ku naɗa mace ɗaya ko biyu masu ido da gaskiya su riƙa duba kowane abu kafin ya fita, kuma ku amince tun farko cewa duk wadda aka dawo mata da aikinta ba za ta yi fushi ba. Aya ta 267 a Suratul Baƙara ta hana mu nufin mummunan abu mu bayar da shi alhali mu ba za mu karɓe shi ba sai da runtse ido, kuma ma'aunin da nake ba ɗalibaina shi ne su tambayi kansu ko za su saka wa jikansu wannan hula. Batun kuɗi kuma, karo-karo kaɗai yakan gaji bayan 'yan watanni, ya fi kyau ku ware wani kaso na aikinku ku yi kayan suna masu ado na sayarwa, inda gwanayenku za su baje basirarsu yadda suke so, ribar ta koma sayen zare da yadi, a rubuta shiga da fita a littafi guda wanda kowa zai iya dubawa. Ku fara aikin hunturu tun ƙarshen damina, kuma ranar bakwaini ta duniya, wadda ake yi a watan Nuwamba, lokaci ne mai kyau na kai kaso mafi girma, amma kaɗan-kaɗan a kowane wata ya fi amfani ga sashen fiye da tuli guda a shekara wanda ba su da wurin ajiye shi.

Ranar kaiwa, mutum biyu sun isa. Ku miƙa kayan ga shugabar sashen a ƙidaya a rubuta, ku bar ma'aikatan su raba, domin su suka san uwar da ta zo da zane ɗaya tak da wadda danginta suka cika mata jaka. Kada ku nemi shiga ɗakin bakwaini, saboda kowane baƙo yana ɗauke da ƙwayoyin cutar da jikinsu ba zai iya yaƙa ba, kuma kada ku ɗauki hoton uwa ko jaririnta don sakawa a WhatsApp ko Facebook, ko da kun ga kamar ta yarda, domin wadda take cikin wannan hali ba ta iya ce wa mai kyauta a'a. Idan masu ba ku gudummawa suna son shaida, hoton kayan a kan tebur da takardar karɓa sun wadatar. Bayan wata guda ku koma wurin shugabar ku tambaye ta wane girma ne ya fara ƙarewa, wanne ne ya rage a kabad, wane zare ne ya yi tauri ko ya saki bayan wanki, sannan ku gyara kwalayen awonku da jerin sayayyarku a kan abin da ta faɗa kafin ku sayi zaren zagaye na biyu.